FASHIN BAƘI: Zagayen Kano a bazara, birnin da gadoji ke ƙaruwa inuwa na ƙarewa

A ƙasar Hausa, bazara ita ce makonnin da ke tsakanin ɗaukewar hunturu da faɗuwar ruwan shuka, wato daga Maris zuwa Mayu. Masu fassara kan ari sunanta su laƙaba wa lokacin da furanni ke buɗewa a Turai, sa'ad da mazauna Landan da Paris ke fita lambuna shan iska bayan dogon sanyi. Tamu bazarar daban take. Mangwaro na nuna, itatuwa na fitar da sabon toho, amma rana na dukan ƙasa har ma'aunin zafi a Kano kan haura digiri 40 a wasu ranakun Afrilu.

A daidai wannan lokaci ne 'yan ci-rani daga Karfi ta ƙaramar hukumar Malumfashi, da Ƙafur da Bakori da Funtua, ke shirin barin Kano domin komawa sharar gona da kai taki. Sun shafe rani suna dako a kasuwannin Singa da Kwari, ko tura kurar ruwa, ko leburanci a wuraren gini. Su ne ke taka birnin da ƙafa tun safe har magariba, don haka su ne suka fi kowa sanin nauyin tambayar da bazara ke yi wa kowane babban gari: idan rana ta take, ina talaka zai fake?

Duk wanda ya zaga gadoji da unguwanni da lambunan Kano da wannan tambaya a ransa zai tarar cewa rabon inuwa a birnin ya biyo shawarwarin da masu mulki suka yanke ne, wasu tun fiye da shekara 100, wasu a 'yan shekarun nan. Darasin ya shafi Funtua da Malumfashi kai-tsaye, domin su ma sun hau wannan turba.

Shiga gari ta Kabuga

Motar da ta taso daga Malumfashi kan bi ta Dayi da Gwarzo, ta wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Rijiyar Zaki, sannan ta iso Kabuga. Abu na farko da birnin ke tarbar baƙo da shi a nan shi ne gadar ƙasa. Daga Kabuga, titin da ke bin gefen badala ta Gadon Ƙaya da Ƙofar Na'isa da Ɗan'agundi har zuwa Ƙofar Nassarawa ya zama tamkar dandalin baje kolin gwamnonin jihar.

A wa'adin mulkinsa na biyu, daga 2011 zuwa 2015, Rabi'u Musa Kwankwaso ya gina gadar sama ta Ƙofar Nassarawa da gadojin ƙasa na Gadon Ƙaya da Kabuga, ya kuma soma doguwar gadar titin Murtala Muhammad a Sabon Gari. Abdullahi Umar Ganduje ya kammala ta Sabon Gari, ya ƙara da gadar Dangi mai hawa uku, da ta Ƙofar Mata, da ta ƙasa a Ƙofar Ruwa, da ta Hotoro wadda aka sa wa sunan Muhammadu Buhari, shi kuma ya buɗe ta a Janairun 2023. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗora da ayyukan Tal'udu da Ɗan'agundi. Waɗannan shugabanni sun saɓa a kan masarautu da filaye da jam'iyya, amma a kan gada bakinsu ɗaya.

Dalilin hakan a bayyane yake. Gada na kammaluwa cikin wa'adin mulki guda, ana iya raɗa mata suna, ana iya gayyato shugaban ƙasa ya yanke ƙyalle, hotonta kuma na cika allon kamfen. Bishiya kuwa sai ta shekara goma kafin inuwarta ta ishi mutum biyar, a lokacin wanda ya dasa ta ya daɗe da barin ofis.

Abin da gada ta magance da abin da ta bari

Adalci ne a faɗi cewa gadojin sun yi amfani. Wanda ya san cunkoson Ƙofar Nassarawa da shataletalen Dangi kafin a gina su ya san an samu sauƙi. Kano na da jama'a: ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum miliyan 9.4, kusan miliyan 2.8 daga ciki a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, kuma yau adadin mazauna birnin ya haura miliyan huɗu bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Sai dai gada ta mai mota ce. Mafi yawan mazauna Kano ba su mallaki mota ba. Tun da aka hana acaba a Janairun 2013, Adaidaita Sahu da ƙafa su ne abin hawan talaka, kuma fasinjan Adaidaita sai ya tsaya a bakin titi kafin ya samu. Faɗaɗa titi domin gada yakan cinye itatuwan gefen hanya da 'yan rumfunan da ke ba shi mafaka. Kwalta da kankare kuma suna shanye zafin rana tun safe, su riƙa fitar da shi bayan faɗuwarta, shi ya sa daren tsakiyar birni ya fi na ƙauye zafi. Bishiya akasin haka take yi: tana tare hasken rana, ganyenta kuma na fitar da danshin da ke sanyaya iska. Bambancin zafi tsakanin kwaltar da rana ke duka da ƙasar da ke ƙarƙashin inuwa kan wuce digiri 10.

Sakamakon wannan yana nan a fili ga duk wanda ya bi ta Sabon Gari ko Ƙofar Nassarawa da azahar. Ƙarƙashin gadar sama ya zama inuwar kyauta mafi girma a tsakiyar birni. A nan masu wankin takalmi da masu talla da 'yan dako ke hutawa, cikin hayaƙin motoci da ƙarar injuna. Ba domin su aka gina gadar ba, amma ita ce lambun da ya rage musu.

Unguwannin da ke ɗauke da sunayen itatuwa

Kano ba ta tashi a haka ba, kuma sunayen unguwanninta shaida ne. A cikin birni akwai Durumin Iya da Rimin Ƙira. A waje akwai Kurna da Giginyu da Tsamiyar Boka da Rimin Kebe da Rijiyar Lemo da Gandun Albasa. Ɗorayi jam'in ɗorawa ne. Ita kanta Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, ta gaji sunanta daga kurmin da ke bakin Jakara. Mutanen da suka raɗa waɗannan sunaye da bishiya suke kwatance, a gindinta suke karatu da ciniki da shari'a.

Baƙin da suka ga birnin kafin zuwan Turawan mulki sun bar bayani. Hugh Clapperton, wanda ya zo a 1824, ya lura cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran gonaki ne da lambuna. Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, ya ce kuma adadin kan iya ninkawa tsakanin Janairu da Afrilu saboda fatake da baƙi. Ke nan ci-rani tsohuwar al'ada ce a Kano, kuma birnin wancan zamani yana da filin da zai sauki baƙinsa. Fagge ta soma ne a matsayin zangon ayari, Ayagi da Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa kuwa kowace na tuna al'ummar da ta zo ta samu wurin zama.

Wanda ya hau Dutsen Dala a yau zai ga abin da ya maye gurbin gonakin: rufin kwano iya ganinsa, da ɗigon kore nan da can.

Yadi 440

Kore mai yawa yana can gabas, a Nassarawa da Bompai, kuma akwai dalilin hakan. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, kuma jirgin ƙasa ya iso a 1911, sun tsara wa kansu mazauni a wajen ganuwa. Dokar tsara garuruwa ta 1917, ta zamanin Lugard, ta ƙarfafa raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, inda ƙa'idar ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440 a tsakani ba tare da gini ba, da hujjar kare Turawa daga zazzaɓin cizon sauro. A ɓangarensu aka yanka manyan fulotai, aka jera itatuwa a bakin tituna, aka keɓe filayen golf da folo da sukuwa. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya take kuma Katsinawa ke kira bedi, a zamanin mulkin mallaka ta shigo Arewa ta bazu.

Da Turawa suka tafi, manyan ma'aikata da attajirai suka gaji unguwannin da inuwarsu. An yi yunƙurin tsara birnin baki ɗaya, musamman shirin shekara 20 na B.A.W. Trevallion wanda ya shafi 1963 zuwa 1983, amma gari ya riga takarda gudu. Unguwanni irin su Kurna da Rimin Kebe da sassan Ɗorayi sun bunƙasa ne ta hanyar awon igiya: mai gona ya yanka ta ƙanana ya sayar, ba tare da an ware filin wasa ko lambu ko wadatacciyar hanya ba. A lungun da Adaidaita ke shiga da ƙyar, babu inda bishiya za ta tsaya.

Ita ma Nassarawa tana asarar abin da ta gada. Ana sayar da tsoffin gidaje masu faɗi, a sare itatuwan da suka haura shekara 70, a raba fuloti ɗaya gida huɗu ko a gina rukunin shaguna.

Lambun da ya rage

Babban lambun gwamnati da talakan Kano ya sani shi ne Gidan Zoo, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma yake ɗauke da sunansa. A wancan lokaci bayan gari yake. Yau gari ya kewaye shi, ya zama kurmi guda a tsakiyar gine-gine. Cikar da yake yi a ranakun Sallah na nuna ƙishirwar da jama'a ke da ita ta wurin da za su zauna a inuwa da iyalansu.

Sunan gidan ya karaɗe duniya a Yunin 2019, lokacin da aka yaɗa cewa goggon biri ya haɗiye Naira miliyan 6.8 na kuɗin shigar Sallah, Gwamna Ganduje kuma ya ce babu goggon biri a gidan ko ɗaya. An yi dariya an wuce. Batun da ya fi wannan nauyi shi ne sanarwar da gwamnatinsa ta yi daga baya cewa za ta mayar da gidan yankin Tiga, da hujjar cewa hayaniyar gari na damun dabbobi. Tambayar da masu kare muhalli suka yi a lokacin ita ce: idan dabbobi sun tashi, me za a yi da filin?

Sauran wuraren shaƙatawa mafi yawansu na kuɗi ne. Matasa da dama kan je katafaren kantin Ado Bayero, wanda aka buɗe a 2014 a kan titin Zoo, domin sanyin na'ura kawai. Filayen golf da folo na 'yan kulob ne. Ga ɗan dakon da ya fito daga Karfi yana tara kuɗin taki, duk waɗannan inuwar giginya ce, na nesa ka sha.

Kududdufai da badala

Tsohon birni yana da nasa tsarin numfashi, ko da ba a kira shi lambu ba. Ramukan da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini sun zama kududdufai, suna karɓar ruwan sama da damina, suna rage ambaliya, suna kuma ciyar da rijiyoyi. Da yawansu an cike su da shara, an sayar, an gina. Ruwan da ya rasa masauki yakan bi tituna da shaguna, kamar yadda 'yan kasuwar Kantin Kwari suka gani a daminar 2022. Ita kuwa Jakara, aka zaɓi a rufe ta da kankare a ɗora titi a kai, aikin da ake kira Wuju-Wuju, wanda aka soma a wa'adin Kwankwaso na biyu kuma ya shafe shekaru ana jan ƙafa a kansa.

Badala, wadda Sarki Gijimasu ya soma ginawa a tsakanin 1095 da 1134, tana cikin kayan tarihin da dokar ƙasa ta kare, kuma tun 2007 tana jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO domin neman shiga gadon duniya. Duk da haka an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa titi, sannan aka sake gina wata, kuma an riƙa yanka filayen da ke jikin ganuwar. Wannan zirin fili da ya kewaye tsohon birni shi ne wurin da ya fi dacewa da dogon lambu na kyauta, mai kusa da unguwannin da suka fi cunkoso.

Wa ke da iko da fili?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi iko kai-tsaye a kan filayen birane. Shi ke bayar da takardar mallaka, shi ke soke ta da sunan maslahar jama'a. A Kano, hukumar KNUPDA ce ke da alhakin tsara birni da ba da izinin gini, amma ita ma a ƙarƙashin gwamna take. Saboda haka makomar filin makaranta ko na Idi ko na wasa ta rataya ne ga ra'ayin mutum ɗaya, kuma ra'ayin na iya juyawa da zarar an yi zaɓe.

Shekarar 2023 ta nuna tsadar hakan. Kwanaki kaɗan bayan rantsar da shi, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soma rusau da wani bene a Filin Sukuwa, aka bi da gine-ginen otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi da shataletalen Gidan Gwamnati. Hujjar gwamnati ita ce gwamnatin baya ta cefanar da filayen jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan kuwa suka ce da takardun hukuma suka saya. A Satumban wannan shekara Babbar Kotun Tarayya ta umarci jihar ta biya masu shagunan Filin Idi diyyar Naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan uku. Kowane ɓangare mutum ya goya wa baya, jama'a sun biya sau biyu: sun rasa filin na tsawon shekaru, sannan aka biya diyya daga baitulmalinsu.

Batun rai ne

Inuwa a bazara lamari ne na lafiya. A ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2024, matsanancin zafi ya mamaye yankin Sahel. Garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5 a ranar 3 ga Afrilu, asibitin Gabriel Toure na Bamako kuma ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwanaki huɗu na farkon watan. Masu nazarin yanayi sun danganta tsananin zafin da ɗumamar duniya. Bazara ce kuma lokacin sanƙarau, wanda ke samun wurin yaɗuwa a ɗakunan da jama'a suka cunkusu ba iska. Annobar 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya, Kano na cikin inda ta fi ƙamari. Waɗanda zafi ya fi yi wa illa su ne tsofaffi da ƙananan yara da masu aikin ƙarfi a rana, kuma su ne ba su da janareta ko sola da za su juya fanka idan an ɗauke wuta.

Yadda wasu birane suka yi

Birnin Medellin na Kolombiya ya soma dasa itatuwa a bakin tituna da magudanan ruwa a 2016, ya samar da hanyoyi 30 masu inuwa, hukumomin birnin kuma suka ce zafi ya ragu da kusan digiri biyu. Seoul ta Koriya ta Kudu ta rushe wata doguwar gadar sama a 2003, ta buɗe rafin da aka binne a ƙarƙashinta, ta mayar da shi wurin yawon jama'a a 2005. Freetown ta Saliyo ta naɗa jami'a ta musamman mai kula da matsalar zafi a 2021.

Misalan da suka fi kusa suna Nijar, kuma fuska biyu gare su. Yamai ta soma dasa zoben darbejiya a kewayenta a 1965, ya kai kimanin hekta 2,500, amma yanka filaye ya cinye babban ɓangarensa. Manoman Maraɗi da Damagaram kuwa, tun daga shekarun 1980, suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna sassabe su da kulawa, har aka ƙiyasta sun dawo da itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan biyar. Bishiyar da ke da mai ita ta rayu, wadda aka bar wa takardar gwamnati kaɗai ta sha gatari.

Abin da ya rage wa Funtua da Malumfashi

Birnin Katsina ya riga ya shiga sahu da gadojin ƙasa na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Funtua, cibiyar auduga da masara, ta samu tashar sauke kaya ta kan tudu a 2024, kuma rashin tsaro a ƙauyukan yamma na ƙara turo jama'a cikinta da Malumfashi. Gonakin bakin gari na komawa fulotai, ɗorawa da kaɗanya da mangwaro na faɗuwa kafin a aza tubalin farko. Bambancin waɗannan garuruwa da Kano shi ne har yanzu suna da filin da za a iya warewa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Hanyar samun kuɗi tana nan. Katsina da Kano duk suna cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, suna kuma cikin shirin ACReSAL na Dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Gwamnatoci kan sanar da dasa dubbai ko miliyoyin itatuwa a kowace damina. Ma'aunin gaskiya shi ne nawa suka rayu bayan bazara biyu, domin dashe na buƙatar shinge daga awaki da ban-ruwa a raninsa na farko.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardu daga hukuma, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Matasan da ke bibiyar kasafin kuɗi na iya neman taswirar kowane sabon rukunin fulotai su ga ko an ware fili na jama'a, da sunan wanda aka rubuta shi. Suna iya tambayar nawa aka ware wa gada nawa aka ware wa dashe da kula da shi, da kuma ko yarjejeniyar ɗan kwangilar titi ta tilasta masa maye gurbin itatuwan da ya sare. Waɗannan tambayoyi sun fi tasiri kafin a yanka fili, domin a Kano an ga cewa dawo da shi bayan an gina yana cin rusau da shari'a da biliyoyin Naira.